Sharhi: tikitin Alhambra da hutun Asabar da Lahadi a Granada

Duk mai niyyar zuwa Granada, can kudancin Sifaniya, na kwana biyu, to ya fara sayen tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke kan tudun garin, kafin na jirgi, kafin ɗakin otal. Wannan tikitin ne ke yanke yadda hutun zai kasance. Ana ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana, kuma a watannin Afrilu zuwa Yuni da kuma Satumba da Oktoba yakan ƙare makonni kafin ranar. Wanda ya ce sai ya je bakin ƙofa ya saya, sau da yawa ganuwa kawai zai kalla daga waje.

Nau'in da nake magana a kansa shi ne wanda ake kira "Alhambra General", na rana, a shafin hukumar da ke kula da wurin, wato Patronato de la Alhambra y Generalife. Kuɗinsa bai yi nisa da Yuro 20 ba. Akwai shafukan 'yan tsakiya da suke kama da na hukumar, su sayar maka da abu ɗaya a ninkin kuɗi, don haka a duba sunan shafin da kyau. Tikitin ya ƙunshi wurare uku: fadojin sarakunan Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Granada, da sansanin Alcazaba, da lambun Generalife. Ana rubuta sunanka da lambar fasfo a jiki, kuma a ƙofa fasfon na asali ake nema. Hoton da ke cikin waya ba ya tsayawa a madadinsa. Wanda ya bar fasfo a otal don tsoron 'yan sane ya jawo wa kansa komawa.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne batun lokaci. Awar da aka buga a tikiti ta shiga fadojin ce kaɗai, ba ta shiga harabar gaba ɗaya ba. Daga babbar mashiga zuwa ƙofar fadojin tafiyar kusan minti 15 ce a ƙafa, ga layi a can. Idan aka rubuta 10:00 ka iso babbar mashiga 10:00, ka makara, kuma ba a yin alfarma, ba a mayar da kuɗi. Mafita biyu ce. Ko dai a iso harabar awa ɗaya kafin lokaci, ko mai tikiti a hannu ya hau ta titin Cuesta de Gomérez daga dandalin Plaza Nueva ya shiga ta ƙofar Puerta de la Justicia, wadda ta fi kusa da fadojin nesa ba kusa ba. Hawan yana da tsayi, minti 20 ga mai ƙarfin gwiwa. Dattijo ko mai ciwon ƙafa ya hau ƙaramar jar bas mai lamba C30 daga dandalin Isabel la Católica. Babbar jaka da keken jarirai ba sa shiga fadojin, akwai wurin ajiya.

Ana buɗewa 8:30 na safe, a rufe 8:00 na dare daga Afrilu zuwa tsakiyar Oktoba, 6:00 na yamma a sauran watanni. A ganina awar farko ta safiyar Asabar ta fi kowace. Ayarin masu yawon buɗe ido ba su cika wurin ba tukuna, ruwan tafkin farfajiyar Patio de los Arrayanes yana kwance kamar madubi, hasumiyar Comares tana ciki a juye. Daga nan sai Farfajiyar Zakuna da Sarki Muhammad na Biyar ya gina a ƙarni na 14: zakuna 12 na farin dutse ɗauke da kaskon ruwa, ginshiƙai 124 sirara kewaye da su. Mai karatun Larabci yana da riba a nan fiye da sauran baƙi. Ya matsa kusa da bango, daidai tsayin ido, sama da tayil masu launi, zai ga taken gidan sarautar, "wa la galiba illallah", an sassaƙa shi a farar ƙasa sau ba adadi, wani a miƙe, wani a naɗe cikin ganyaye har sai an lura. Hanyar cikin fadojin gaba kawai take tafiya, ba a komawa baya, kuma shiga ɗaya ce. Kada a yi gaggawar ɗakin farko da tunanin za a dawo.

Awa uku zuwa huɗu ake buƙata. Bayan fadoji a hau hasumiyar Torre de la Vela a Alcazaba a ga gari da dusar ƙanƙarar duwatsun Sierra Nevada idan lokacinta ne, a ƙarasa da Generalife. Fadar Sarkin Sifaniya Carlos na Biyar da ke cikin harabar, shigarta kyauta ce, minti goma ya ishe ta.

Abin da tikitin ya gaza a kai shi ne bayani. Allunan bayani kaɗan ne, mutum zai iya ratsa ɗakin karɓar jakadu bai san inda yake ba. A karanta tarihin tun a gida: Banu Nasr sun kama Granada a 1238, sarkinsu na ƙarshe Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya miƙa makullan gari ga sarakunan Kirista Ferdinand da Isabella ranar 2 ga Janairu 1492. Sai kuma rashin sassauci. Jirgi ya yi jinkiri, tikiti ya tafi. Shi ya sa bai kamata a sa ziyarar a ranar isowa ba. Jirgin ƙasa mai sauri daga Madrid ya haura awa uku, bas daga filin jirgin Malaga kusan awa biyu. A iso daren Juma'a, a kwana kusa da Plaza Nueva.

Yammar Asabar ta unguwar Albaicín ce, lunguna masu hawa da shimfiɗar duwatsu, don haka takalmi mai santsi ya zauna a ɗaki. Kowa yana tururuwa zuwa Mirador de San Nicolás, dandalin da ake hangen Alhambra daga cikinsa, kafin faɗuwar rana. Babban masallacin Granada, wanda aka buɗe a 2003, yana maƙwabtaka da shi, kuma daga lambunsa Alhambra ɗin nan ce dai a gabanka ba tare da turereniya ba, ga wurin sallar magariba.

Kan abinci a kula. A Granada idan ka sayi abin sha, ko lemo ne, akan haɗo maka da ɗan faranti kyauta da suke kira tapa, kuma naman alade ya yi yawa a ciki. Ka ce "sin cerdo", wato ban da alade, tun wurin oda. Titin Calderería Nueva cike yake da shagunan shayi da abincin Maroko. Abincin rana sai 2:00, na dare sai 9:00, wanda ya fita neman tuwon dare da ƙarfe 6:00 zai tarar da kicin a rufe.

Safiyar Lahadi ta isa tsakiyar gari: Corral del Carbón, masaukin fatake na ƙarni na 14, da Madraza, makarantar da Sarki Yusuf na Ɗaya ya kafa a 1349, wadda mihrabinta yana nan. Ɗalibin fiƙihu ya tuna cewa Ibnu Asim, mai Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu ke buɗewa har yau, alƙalin wannan garin ne. Yawancin kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, saboda haka tsaraba a saye ta tun Asabar. Idan kuma aka tarar tikitin ya ƙare, a duba Granada Card, katin 'yan yawon buɗe ido na gari: ya fi tsada, amma yana ɗauke da shiga Alhambra da tafiye-tafiyen bas, kuma wani lokaci akan sami gurbi ta nan bayan na shafin hukumar ya ƙare.