Hattara da masu cewa "giyabos ɗinka ya tafi"

Jama'a masu mota atomatik, musamman Camry, Corolla da Honda Accord, akwai wata cuta da ake yi a wasu gareji, a kula.

Motarka za ta fara fizga wajen canja giya, ko ta maƙale a giya ta uku, wutar cek injin ta kama. Kana kai ta sai mai kwamfuta ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya karkatar da fuskarta yadda ba za ka gani ba, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, giyabos ya tafi, sai dai a sa ɗan Kwatano." Kafin ka yi shawara da kowa yara sun shige ƙarƙashin mota da sifana.

To, ka ce sai ka ga lambar matsalar da na'urar ta nuna da idonka, ka ɗau hotonta. P0700 ba ta nufin giya ta mutu, tana nuni ne kawai cewa akwai matsala a ɓangaren giya, a ƙara bincike. P0715 da P0720 maganar sensar gudu ce, P0750 kuma solanoid, wato bawul ɗin lantarki mai sarrafa man giya. Sau da yawa ma waya ce ɓera ya ci, ko soket ya yi tsatsa. Maƙalewar giya wuri guda kuwa, galibi kwamfutar motar ce ke yin haka da gangan don ta kare giyar.

Sannan a zaro sandar man giya, in motar na da ita, a goga a farin ƙyalle a gabanka. Ja mai haske lafiya lau. Idan ya yi baƙi, yana ƙauri, ga ɓarɓashin ƙarfe, nan kam akwai magana. Wani lokacin man ne ya yi ƙasa, ko an zuba wanda bai dace ba, don Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, ba a yi musu kan mai uwa da wabi.

Abin da ya fi ban haushi, wasu giyabos ɗinka za su sauke, su canja sensa, su wanke shi tas da fetur, su mayar, ka biya kuɗin wani giyabos. Wasu su ɗora maka mai rabin rai, lafiyayyen naka ya tafi kasuwa.

In har ta kama dole a canja, ka kai wa wani bakanike daban ya duba tukuna. Ka yi wa tsohon alama da fenti kafin a kwance, ka kuma sa a loda maka shi a but ka tafi da abinka.