Mai gyaran da bai taɓa sukurudireba ba sai da ya gano ciwon

Jama'a duk mai laftof ɗin da sikirin ɗinta ke ƙiftawa in an saka caja ko an cire, ya tsaya ya ji kafin a raba shi da kuɗinsa. Tawa ta hannu ce na saya, wajen wata uku tana min wannan iskancin, da na zura caja sai fuskar ta yi baƙi ƙirin kamar na daƙiƙa biyu sannan ta dawo, in na cire ma haka, wani lokacin kuma wasu layuka su riƙa rawa a ƙasa, maus ɗin ma ya dinga tsalle shi kaɗai kamar mai iskoki. Na kai wa wani a unguwarmu, ko kunna ta bai yi ba ya ce sikirin ne ya mutu a kawo kuɗin sabo. Na ɗau abata na yi gaba.

Wani abokina ne ya tura ni wani ɗan shago a Beirut Road nan Kano. Gaskiya shagon matsattse ne, benci ɗaya, kuma na yi zaman jira ya fi awa don injiniyan ya fita sallar azahar daga nan ya zarce cin abinci, waya kuma ba ya ɗauka. Wannan kam sai ya gyara.

Amma da ya zauna, aiki na gani. Wayar HDMI ya fara jonawa da wata talabijin da ke bango, ya saka caja ya cire, ya karkata murfin gaba da baya yana kallo ko wayar da ke bi ta maƙogwaron murfin ce ta sassauta, shiru ba ita ba ce. Sai ya ce "Malam ciwo biyu ne a nan, ɗaya ma ba ciwo ba ne." Wai ƙiftawar nan daga saiti ne, in laftof ta koma kan batir tana rage saurin sabunta hoto daga 60Hz, wato sau 60 a daƙiƙa, zuwa ƙasa don ta adana caji, to a lokacin sauyawar ne take ɗaukewa, laftof ɗin masu buga gem ma daga 144 suke faɗowa 60. Ya shiga manhajar saitin hoto ta laftof ɗin, Intel Graphics Command Center, ɓangaren Power, ya kashe saitukan adana caji guda biyu, Panel Self Refresh da Display Power Savings, ya sabunta direban hoton, wato manhajar da ke sarrafa hoton sikirin. Ƙiftawa ta tafi. Ya dai gaya min batir zai ɗan fi saurin sauka, kuma hakan na gani.

Rawar layukan nan fa, cajata ce. Ya ɗaga ta a tafin hannu yana dariya, ya ce ji yadda ba ta da nauyi kamar kwalin ashana. A jikinta an rubuta 19.5V da 3.33A wato 65W kenan, amma jabu ce, ga shi kuma ƙafa ta uku ta filogin, wadda ke sauke wuta ƙasa, ta karye tuntuni ni kuma ina ta cusa ta haka a soket, a kan janareta ma. Ya jona tasa orijinal, layuka suka ɓace, maus ya natsu, a gabana.

Kuɗin hannunsa bai taka kara ya karya ba, cajar ce dai ya ɗan tsauwala, na yi ciniki har na gaji bai rage ko sisi ba, amma ya ce in ta ba da matsala cikin wata guda in dawo da ita. Ya kuma koya min danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare in hoton ya maƙale. Sati shida kenan yanzu ban sake ganin ko layi ɗaya ba, tsohuwar cajar kuma na ba yara suna jan ta a tsakar gida wai mota.