Kwana Biyu a Sawun Iyalin Shehu: Sharhi Kan Hidimar Masu Zagayawa da Baƙi a Sakkwato

A hunturun da ya wuce ni da maiɗakina muka biya kuɗin wata hidima da wasu matasa ke gudanarwa a Sakkwato, inda suke ɗaukar baƙi a mota har tsawon kwana biyu, su zagaya da su wuraren da iyalin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zauna, suka karantar, suka yi yaƙi, suka kuma riƙe mulki. Kuɗin ya ƙunshi mota da jagora da abincin rana, masauki kuwa kowa da aljihunsa.

Ranar farko ita ce ta biya kuɗinmu. Da muka isa Degel, jagoran bai tsaya jero mana shekaru kamar mai karanta takardar jarrabawa ba, sai ya nuna mana wurin a matsayin gida mai uba da ƙane da 'ya'ya, wanda karatu ne sana'ar kowa a cikinsa, maza da mata. A nan aka haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu, a 1793, ita da ɗan tagwayenta Hassan, kuma shekarunta ba su wuce 11 ba lokacin da jama'a suka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Da ya ce mu ƙiyasta yarinya mai waɗannan shekaru tana barin gidan da ta tashi, ba ta san ranar dawowa ba, sai na ga maiɗakina ta yi shiru, domin ƙaramar 'yarmu sa'arta ce.

Da la'asar, bayan mun ziyarci Hubbaren Shehu, inda kabarin Asma'u ma yake, aka kai mu gidan wata dattijuwa da ta gaji karatun 'yan taru, wato tsarin karantar da mata da Asma'u ta kafa, daga iyayenta. Maiɗakina ta shiga ciki, ni kuma aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ina jiyo muryarta tana rera baitoci daga Waƙar Gewaye, wadda Asma'u ta tsara kan rayuwar mahaifinta da tafiye-tafiyen jihadi. Babu ganga, babu goge, murya ce kawai mai ɗan rawa saboda tsufa, amma ma'aunin waƙar bai goce ko sau ɗaya ba. Jagoran ya bayyana mini cewa malaman jihadi sun soki kiɗe-kiɗen fada da na bori, amma sun riƙi waƙa a matsayin allon wanda bai iya karatu ba, shi ya sa Asma'u ta yi ta tsara ta da Fulatanci da Hausa da Larabci, tana naɗa jajis, wato matan da ke jagorantar 'yan taru, da malfa da jan rawani, su koma ƙauyuka su koyar da matan da aure ya hana su fita. Da muka tashi tafiya, dattijuwar ta aiko mini da ƙwaryar fura, ta ce a gaya wa malam ya yi haƙuri da muryar tsohuwa. Ban taɓa fahimtar aikin 'yan taru daga littafi kamar yadda na fahimce shi a wannan zauren ba.

Rana ta biyu ba ta kai ta farko ba. Motar ta makara, taya ta yi faci a hanyar Wurno, tayar ajiyar kuma babu iska a cikinta, muka ɓata kusan awa biyu a bakin titi. Sai a safiyar ne kuma aka shaida mana cewa an soke zuwa Gudu da Tafkin Kwatto saboda nisa da yanayin tsaro. Dalilin karɓaɓɓe ne, amma kamata ya yi a faɗa kafin a karɓi kuɗi. Saboda haka labarin yaƙin Tsuntsuwa, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani kusan 200, da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, duk a cikin mota aka ba mu su cikin gaggawa.

Abin da ya fi damuna shi ne siyasa. A gaban kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, na tambayi jagoran batun saɓanin da ya shiga tsakanin Bello da baffansa Abdullahi na Gwandu bayan rasuwar Shehu a 1817, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan maganar manya ce." Ina girmama ladabinsa, amma ban yarda da shi ba, domin wanda bai ji labarin saɓanin ba ba zai san girman sulhun Kalambaina ba, inda Bello ya kai wa baffansa ɗauki a kan mutanen garin da suka yi masa tawaye, baffan kuma ya yi masa mubaya'a. Waziri Giɗaɗo, mijin Asma'u, wanda ya karɓi baƙuncin Bature Kilafaton a 1824, ko sunansa ba a ambata ba sai da na tuna masa.

Duk da haka zan sake biya in kai 'ya'yana mata, muddin aka rubuta mini tun farko wuraren da za a je, aka kuma tabbatar mini cewa za a sake kai mu gidan dattijuwar nan, a bar mu mu daɗe a wurinta fiye da rabin awar da aka ba mu.