Shekarun Kakata: Na Kati da Na Baki

Katin shaidar kakata ya ce ran 1 ga Janairu 1950 aka haife ta. Ma'aikaci ne ya dubi fuskarta ya yanka mata. A banki da asibiti dai yana aiki.

Ita kuwa da abubuwan da suka faru take lissafi. Ta riga ta isa tallar goro a Kasuwar Kurmi lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956. Tana goyon fari aka naɗa Ado Bayero, 1963 ke nan. Rikicin Maitatsine na 1980 kuwa, da ƙafa ta fice daga 'Yan Awaki, tana jan autarta, har yau muryarta rawa take in ta tuna.

Ni lissafinta na fi gaskatawa, domin tsofaffin unguwa sun shaida. Ta girmi katin nan nesa.