Lesin ɗin GMAT da na shiga ta Zoom, da batun idiyom

Masu tambayata yaya na ga lesin ɗin nan na shirin jarabawar shiga mastas a waje, to ga abin da na gani. Sati takwas muka yi, Asabar da Lahadi bayan la'asar, sai grup na WhatsApp inda malam yake turo aikin gida.

Gaskiya darasin idiyom shi ya fi kama ni. Ni da na zata karin magana za a haddace, ashe a wannan jarabawar ana nufin kalmomin da dole sai tare suke tafiya ne. Malam da Hausa ma ya fara mana, ya ce kana cewa na gaji da shi, na yarda da kai, to waye zai ce na yarda ga kai? Kuma in aka ce ka kawo dalili babu, kunne ne kawai ya saba. Haka Turanci yake, prohibit sai da from, forbid sai da to, regard yana neman as amma consider ba ruwansa da as. Da ya taɓo namu na Najeriya kuwa, su discuss about da emphasize on da comprise of, wallahi jikina ya yi sanyi don shekara da shekaru ina rubuta su a takardun ofis ba wanda ya taɓa gyara min, kowa haka yake rubutawa. Ya kuma hana mu fara duba idiyom a tambaya, ya ce a fara da ma'anar jimla da daidaiton aikatau, in zaɓi biyu suka rage sannan idiyom ya raba gardama. Wannan dabarar ta rage min ɓata lokaci sosai.

Inda raina ya sosu shi ne ba a faɗa mana tun ranar biyan kuɗi ba cewa GMAT ta canza. GMAC, hukumar da ke shirya jarabawar, ta fito da sabon tsari mai suna Focus Edition a Nuwamba 2023, tsohuwar ta tsaya ƙarshen Janairu 2024, kuma sabuwar an cire tambayoyin gyaran jimla gaba ɗaya, inda nan ne idiyom yake fitowa, ɓangaren Turancin yanzu tambaya 23 ne a minti 45, karanta nassi da auna hujja kawai, maki kuma daga 205 zuwa 805. Sai a sati na uku wata 'yar ajinmu ta tambaya sannan malam ya ce eh haka ne. Haba malam, mutum ya biya kuɗi ga data da ake ƙonawa a Zoom, ai haƙƙinsa ne ya sani tun farko. Data Insights, wato nazarin bayanai da alƙaluma, da yake ɓangare guda cikin uku na jarabawar zama biyu kawai ya samu, a gurguje.

Duk da haka ban ce asara na yi ba. Mai shirin Executive Assessment, jarabawar GMAC ta ma'aikatan da suka daɗe a aiki, har yanzu zai haɗu da gyaran jimla, mai GRE, wata jarabawar shiga mastas ɗin daban, akwai insha'i na minti 30 a gabansa, ni kuma da na koma kan wasiƙar neman gurbin karatu da na rubuta sai da na tsinci kuskuren idiyom har huɗu a shafi ɗaya. Rikodin ɗin darasi ma suna turowa in netwok ya yanke maka. Amma in GMAT ta yanzu za ka zauna, ka nemi jadawalin darussan a rubuce kafin ka tura ko sisi, ka ƙirga zama nawa aka ware wa Data Insights.