Lu'ulu'un gado: dillali ko gidan gwanjo?

Kafin a yi maganar sayarwa, a kai zoben ko sarƙar wurin ƙwararren mai kimantawa wanda ba shi da niyyar saye. Da madubi mai ƙara girma sau 10 zai duba tsabtar dutsen lu'ulu'un (daimon) da yankansa, ya tantance launinsa, sannan ya kimanta nauyinsa da ma'aunin karat. Karat ɗaya giram 0.2 ne. Don Allah kada a cire dutsen daga mazauninsa, domin tsohon yankan hannu da ɗan hatimin maƙeri da ke cikin zoben suna iya ƙara masa daraja.

Dillali yana biya nan take. Sai dai don riba yake saye, kuma sau da yawa dutse da zinariya kawai yake lissafawa.

A gidan gwanjo irin su Christie's da Sotheby's kuwa, masu tara kayan tarihi ke rige-rigen tayi, har farashi ya haura yadda ba a zata ba. Amma akan jira watanni, a cire la'ada, kuma idan tayi bai kai mafi ƙarancin farashin da aka ajiye ba, kayan su dawo.

A ganina, abin da ke ɗauke da hatimin Cartier, shahararren kamfanin kayan ado, gwanjo ya cancanta. Ƙaramin zoben da magada ke jiran rabonsa, a ji tayin dillalai daban-daban tukuna.