Gindin katakon da aka yi wa 'yar hasumiyata

Ƙanena mai karatun zanen gine-gine ne ya ƙera mini 'yar ƙaramar hasumiyar Gobarau ta Katsina da yumɓu da kwali, a ma'aunin 1:50. Ita ta ainihin tsawonta wajen mita 15 ne, tawa kuwa ta tashi a santimita 30. Wata biyar tana kan kabad ɗin falo haka nan, kowa ya shigo sai ya ɗaga ya jujjuya, har matakala biyu suka ɓantare. Da hunturu ya kama, ƙura ta cike mata kowane lungu, kuma yumɓu ba ya son jiƙaƙƙen tsumma.

Sai na kai ta wurin wani kafinta a wajen Ƙofar Ƙaura, na ce ya yi mata gindin katako da murfin gilashi. Ya dube ta ya ce, "Malam, ai wannan fili take nema, ba kujera ba." Ni da farko allo daidai faɗinta na so, shi ya nace a bar mata sarari ta kowane gefe. Gaskiyarsa. Ya yanko madaci mai kauri, ya shafa gam a samansa ya barbaɗa jar ƙasa da aka tankaɗe, sannan ya kafa hasumiyar da 'yan turaku biyu ta ƙasa, ta yadda za a iya zare ta idan gyara ya taso.

Abin da ban zata ba shi ne yadda gindin ya sauya kallon da ake yi mata. Da can tulin yumɓu ce a gefen kwalbar turare da agogo, ido ba shi da abin da zai auna ta da shi. Yanzu ƙanena ya tsayar da ɗan mutum-mutumi mai santimita 3 da 'yan kai a gindinta, wato tsayin namiji baligi a wannan ma'aunin, sai ga tsawonta ya fito. Kawuna da ya taso a cikin gari ya daɗe a tsaye yana kallo, daga nan ya shiga ba yara labarin da ake bayarwa cewa tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau aka gina ta ainihin. Ɗaukarta ma ta yi sauƙi: katakon ake riƙewa, hannu ba ya kai wa ga ginin.

Sai dai aikin bai rasa tangarɗa ba. Kwana huɗu kafintan ya ce, sai da na yi sawu uku cikin mako biyu. Gam ya yi dabbare-dabbare a kusurwar gilashin, da reza na kankare. Fentin gefen katakon kuma ya cika sheƙi, yana janye ido daga ginin ƙasa. Da zan sake, marar ƙyalli zan ce a shafa. Bai liƙa komai a ƙasan allon ba, ni na yanko tsohon tub ɗin babur na manna don kada ya kartar mini kabad.

Kuɗin bai kai na buhun siminti biyu ba. Ƙanena ya fara ƙera 'yar ƙaramar Rijiyar Kusugu ta Daura, kuma wurin kafintan nan zan koma, amma wannan karon rabin kuɗi kawai zan bayar kafin in ga aiki.